Wanda ya fara koyon kodin da gemunsa, ba kansa ne ya toshe ba

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sakko daga masallaci na ci karo da wani abokina, malamin sakandare ne, shekararsa 41, 'ya'yansa biyar. Wata huɗu baya shi ne ya ishe mu da zancen ya yi rajistar wani kwas na koyon rubuta manhajar kwamfuta, kodin dai kamar yadda yaran yanzu suke cewa, har kwasar adashinsa ya ɗauka ya sayi laftof ta hannu saboda abin. Na ce masa Malam ya karatu? Sai ya kau da kai ya ce "kai dai bari mutumina, na gano kan nan nawa ya riga ya toshe, abin nan na yara ne."

Wallahi har na isa gida maganar nan tana ci na. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana koyar da lissafi, shi ne yake tsara jadawalin darussan makarantarsu gaba ɗaya da biro da takarda ba tare da wani malami ya yi karo da wani ba, wai yau shi aka sa ya yarda kansa ya toshe. Kuma na san abin da ya kai shi ga yanke wa kansa wannan hukuncin, tallan da ya ja shi ne tun farko, wanda aka rubuta cewa cikin wata uku za ka zama gwani ka fara karɓar dala daga ɗakinka. Wata ukun sun cika bai zama gwani ba, shi ke nan sai ya ɗora wa kansa laifi.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Koyon kodin ga babba yana da wahala, wahala ta gaske, duk wanda ya ce maka abu ne mai sauƙi ya cuce ka. Amma wahalar ba a ƙwaƙwalwa take ba. Tana wajen lokaci, tana wajen kunya, tana wajen zama kai kaɗai da daddare ka maƙale ba wanda za ka tambaya. Ni ma da gemuna na fara, ina da shekara 36, ina riƙe da lissafin wani shagon sari a kasuwa, don haka ba labari aka ba ni ba.

"Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi"

Wannan ce maganar farko da ake tarar ka da ita, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yaro ya fi mu saurin hadda, wannan ba musu, duk wanda ya zauna da ɗansa a gaban allo ya sani.

Sai dai kodin ba hadda ba ce. Na zauna da waɗanda wannan ita ce sana'arsu shekara da shekaru, kullum shafin Google a buɗe yake a gefensu suna duba yadda ake rubuta kaza da kaza, ba sa jin kunyar haka ko kaɗan. Abin da aikin yake buƙata shi ne ka iya ɗaukar matsala ka yayyanka ta gunduwa-gunduwa, ka ce in kaza ya faru a yi kaza, in bai faru ba a yi kaza, a maimaita har sai an gama. To wa ya fi babba sanin wannan? Uwar adashi da take riƙe da zubin mutum talatin, ta san wa ya zuba, wa ya yi fashi, kwasar wa ce wannan satin, wa ya roƙi a musanya masa da wani, ai tunanin ke nan. Malamin da yake rabon gado yana fitar da tumuni da sudusi kafin ya waiwayi ragowar magada, shi ma tunanin ke nan. Kalmar algoridim ɗin ma, wato jerin matakan warware matsala, da ake tsorata mutane da ita daga sunan Alkawarizmi ta fito, malamin lissafin nan da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma wani babban yanki na rubutunsa a kan aljabara lissafin gado da wasiyya ne.

Mutanen da suka fara da girma ma ba ɓoyayyu ba ne. Quincy Larson, wanda ya kafa freeCodeCamp, shafin koyar da kodin a intanet, a 2014, harkar makaranta yake yi, sai da ya haura talatin sannan ya fara koyon kodin. Grace Hopper tana da shekara 37 ta fara aiki da kwamfutar Mark I a Harvard a 1944. Akwai wata tsohuwa 'yar Japan, Masako Wakamiya, ma'aikaciyar banki ce da ta yi ritaya, a 2017 tana da shekara 81 ta fitar da manhajar wasa ta iPhone.

Amma ban so a ɗauki waɗannan sunayen a mayar da su bulala a ce wa mutum ga tsohuwa ma ta yi kai me ya hana ka. Hopper tana da digirin digirgir a lissafi kafin ta taɓa kwamfuta. Wakamiya ta yi ritaya, tana da lokacinta, tana ƙasar da ba a zaman jiran a kawo wuta. Abin da labarinsu ya nuna guda ɗaya ne, shekaru ba katanga ba ne. Bai nuna hanyar a share take ba.

Awa ɗaya bayan isha'i

Ɗan jami'a mai shekara 19 in ya maƙale a wuri zai iya wuni a kai, ya ci abinci ya dawo, ya kwana a kai, ba wanda zai tambaye shi kuɗin cefane. Kai kuma fa? Ka fita tun safe, ka sauke yara a makaranta, ka yi aiki, ka biya kasuwa, ranar Asabar ɗaurin aure biyu da gaisuwar mutuwa da dubiya a asibiti, kuma ba wanda za ka ƙi zuwa a cikinsu a zauna lafiya. Abin da ya rage maka awa ɗaya ce bayan isha'i, ita ma a gajiye. In mace ce abin ya ninka, girki da goyo da wanki da aikin gidan yara na makaranta, wani lokacin ma laftof ɗin ba tata ba ce sai mai ita ya gama.

Kuma kodin ba ya son lokacin tsinta-tsinta. In ka buɗe aikin da ka bari shekaranjiya, minti ashirin na farko a ƙoƙarin tuno inda ka tsaya da dalilin da ya sa ka rubuta abin da ka rubuta za su tafi. Kana fara kama zaren sai a ɗauke wuta, batirin laftof ta hannu kuwa kowa ya san halinsa. Ga data, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kallon bidiyon darasi na awa biyu ya zama abin da magidanci zai tsaya ya yi lissafi kafin ya danna. Mai tallan wata uku bai saka ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafinsa ba.

Kwamfuta ba ta da kara

A nan ne nake ganin aka fi faɗuwa, kuma nan ne ba a cika faɗa wa mutane gaskiya ba.

In ka yi wa mutum magana ka yi tuntuɓen harshe zai gane nufinka ya wuce, ya yi maka kara. Kwamfuta ba ta san wannan ba. A Python, ɗaya daga cikin yarukan da ake rubuta kodin da su, in ka rubuta kalmar print da babban baƙi a farko za ta ce ba ta san wannan kalmar ba. In ka matsar da layi ɗaya ciki fiye da 'yan uwansa da tazara ɗaya tak, komai ya tsaya. Alamar daidai guda ɗaya ma'anarta daban, guda biyu a jere ma'anarsu daban. Ƙirga kuma daga sifiri take farawa, abu na farko a jeri lambarsa 0, na biyu lambarsa 1, kai kuma shekara talatin da wani abu kana ƙirga daga ɗaya. Ko wanne daga cikin waɗannan ba wani ilimi mai zurfi ba ne, minti biyu ya isa a nuna maka. Matsalar ita ce in ba mai nuna maka, minti biyun nan kwana uku ne.

Ni kwana uku cur na yi ban ma kai ga rubuta komai ba, wajen saka Python ɗin a kwamfuta na tsaya. Na sauke, na saka, in na kira shi sai kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, na goge na sake, na kalli bidiyo ya fi biyar kowa a cikinsu nasa yana tashi lafiya lau. Rana ta huɗu ɗan yayata da yake karatu a jami'a ya zo gaishe mu, na nuna masa, ya duba ya ce "Kawu akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ake yi wa alama lokacin sakawa, shi ne ba ka taɓa ba." Ya gyara kafin shayinsa ya huce.

Abin da nake so a lura da shi shi ne abin da ya gudana a zuciyata cikin kwana ukun nan. Ban ce akwai akwatin da ban danna ba, don ban san da shi ba. Cewa na yi ƙila dai na makara. Da yaron nan bai zo ba da tuni laftof ɗin tana cikin jaka, kuma da har yau ina gaya wa mutane na gwada kaina bai ɗauka ba. Mutum nawa ne suka bari a daidai irin wannan gaɓar, a kan abin da bai kai ya kawo ba?

Sai kunya. Babba ya saba shi ake tambaya, a gida shi ne baba, a wajen aiki shi ne oga ko malam. Yanzu ga shi a guruf ɗin WhatsApp da sa'annin ɗansa na fari, su suna ta turo abin da suka haɗa, shi kuma tambayar da take cinsa yana ganin in ya yi za a raina shi. Sai ya yi shiru, shirun ya zama sati, satin ya zama ya fita daga guruf. Kuma a nan ina da ƙorafi a kan matasanmu da suka iya, wasunku in an yi tambaya amsarku ita ce "je ka yi saciin mana". Mutumin nan bai ma san sunan matsalarsa ba balle ya san abin da zai rubuta ya nema. Matambayi ba ya ɓata, haka ne, amma sai in wanda aka tambaya ya amsa.

"To ai komai yana intanet kyauta"

Gaskiya ne, kuma alheri ne babba. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard da David Malan yake koyarwa kyauta ne ga duk mai son bi, freeCodeCamp kyauta ne, YouTube cike yake. Ko laftof ba ka da ita akwai manhajoji irin su Pydroid da za ka rubuta Python a wayar Android. Wanda ya ce rashin kayan karatu ne ya hana shi a yau bai duba da kyau ba.

Amma yawan ma wata matsala ce. Wannan ya ce fara da Python, wancan ya ce a'a JavaScript ne kasuwa, wani ya ce ka fara da HTML da CSS tukuna, wani ya ce duk ɓata lokaci ne ka koyi haɗa manhajar waya kai tsaye. Sabon shiga ba shi da ma'aunin da zai gane wa zai bi, sai ya yi sati biyu nan sati biyu can, bayan wata shida ya iya gaisuwa da yare huɗu amma ba wanda zai iya cinikin tumatir da shi.

Sannan kallon bidiyo yana da wata yaudara. Kana kallo kana gyaɗa kai, komai ya zauna daram, kana rubuta abin da mai bidiyon yake rubutawa yana aiki. Rufe bidiyon ka buɗe farin shafi ka ce bari in yi nawa, sai ka ji wayam. Ko shekara ka yi kana zama a shagon tela kana kallo, ranar da aka miƙo maka almakashi da shaddar mutane hannunka sai ya yi rawa. Mutane da yawa a nan suke cewa ba su da basira, alhali hannunsu ne bai taɓa almakashin ba.

Ga kuma Turanci, wanda masu cewa komai kyauta ne suke tsallakewa. Kalmomin da ake rubuta kodin da su ba su da yawa, ko wanda bai yi boko mai nisa ba zai riƙe su. Amma bayanin kuskuren da kwamfuta take fitarwa da Turanci ne, amsoshin da za ka samu in ka bincika da Turanci ne, mai bidiyon ma Turanci yake yi da sauri da irin lafazin ƙasarsu. Wato mutuminmu yare biyu yake koyo a lokaci guda. Shi ya sa nake jinjina wa 'yan tsirarun da suke zama su yi darasin nan da Hausa, kuma ina roƙon su kar su tsaya a darasin farko-farko, su riƙa ɗauko jan rubutun nan na kuskure suna fassara shi layi-layi, don a nan ake kuka.

"Yanzu da AI ta zo meye amfanin wahalar?"

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022 ake wannan maganar, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Ƙirƙirarriyar basira, wato AI irin su ChatGPT, tana rubuta kodin, wani lokacin mai kyau ƙwarai, kuma duk wanda yake shirin shiga harkar don neman aiki ya kamata ya san kasuwar ƙananan ma'aikata ba kamar da take ba.

Ni dai a wajena ta zama ɗan yayan nan nawa da ba ya barci. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare in na maƙale ina kwafe kuskuren in ba ta in ce ta yi min bayani dalla-dalla, ba ta gajiya, ba ta raina tambaya, kunyar nan da na ambata duk ta kau. Ga babba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haɗarin shi ne ka ce ta rubuta maka gaba ɗaya ka kwafa ka liƙa. Tana kuskure, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa take yin sa, in ba ka iya karanta abin da ta ba ka ba to ranar da lissafin kuɗin mutane ya fita ba daidai ba ba ka san inda za ka duba ba. Mai shago yana amfani da kalkuleta, amma ya san in ta nuna masa buhun shinkafa goma a kuɗin buhu ɗaya akwai inda yatsa ya zame.

Sana'a ce, a koye ta kamar sana'a

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu da muka fi kowa sanin yadda ake koyon sana'a, da aka zo kan kwamfuta sai muka watsar. Ba wanda yake kai ɗansa garejin bakanike ya ce nan da wata uku a ba shi satifiket. Yaro yana farawa da miƙo sufana da wanke ƙarfe a fetur, yana gefen oga, in ya ɗaure noti ba daidai ba a take za a nuna masa. A shagon tela da saka maɓalli da guga ake farawa. Akwai oga, akwai aikin gaske a gabanka, akwai shekaru. Kodin ma haka yake so.

Don haka in babba ya tambaye ni ta ina zai fara, ba na fara ce masa ga yaren da zai koya. Ina tambayarsa wa ka sani da ya iya, wanda za ka iya kira ko ka je wajensa sau ɗaya a sati ba tare da ka ji nauyi ba? Ko ɗan cikinka ne, gemu ba ya hana ilimi, iyayenmu mata da suke zuwa Islamiyyar matan aure ai jikokinsu ne suke biya musu karatu a gida kuma ba abin da ya ragu a girmansu. Sai tambaya ta biyu, wane aiki ne a rayuwarka yake cin ranka wanda kullum iri ɗaya ne? Ni littafin bashin shago ne, wa ya karɓi kaya, nawa ya biya, nawa ya rage, yaushe ya yi alkawari. Wata bakwai na yi kafin na haɗa ɗan abin da yake fitar min da sunayen waɗanda alkawarinsu ya wuce. Ba kyau gare shi ba, ba wanda zai saya, amma duk abin da na sani yau a jikinsa na koya, saboda na san amsar da ya kamata ya bayar tun kafin ya bayar, in ya yi ƙarya ina ganewa. Wannan ita ce riba ɗaya da babba yake da ita a kan yaro, yana da matsalar gaske a hannunsa.

Masu buɗe kwas kuma ba na ce ku daina karɓar kuɗi ba, koyarwa aiki ce a biya ku. Amma ku ji tsoron Allah a talla. Ku ce wata uku za su ɗora mutum a hanya, kar ku ce za su kai shi. Ku ware ajin manya na dare ko na ƙarshen mako inda mai shekara arba'in ba zai zauna yana ɓoye allon kwamfutarsa ba. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku, niyya ce mai kyau, amma ni abin da zan so a riƙa ƙirgawa a irin waɗannan shirye-shiryen shi ne mutum nawa ne suka samu wanda zai duba aikinsu ido da ido, da wurin zama mai wuta da intanet a kusa da unguwarsu. Yawan waɗanda suka cike fom ba ya gaya mana komai a kan wanda ya maƙale ƙarfe goma na dare.

Ranar Lahadi na je gidan abokin nan nawa bayan la'asar, na ce Malam ɗauko laftof ɗin nan mu gani. Da ƙyar ya ɗauko. Aikin da ya tsaya a kai tun wata guda da rabi, alamar baka ɗaya ce, wato "(", ya buɗe bai rufe ba a layi na sha huɗu. Muka rufe ta abin ya tashi, ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba.

Na ce ya ajiye darasin kwas ɗin tukuna, ya kawo takardar sakamakon ajinsa, makin gwaji da makin jarrabawa na yara sittin da yake tarawa da hannu duk ƙarshen zango. Kafin magariba ya rubuta abin da yake tara makin ya jera yaran daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Sai ga yara biyu sun yi kunnen doki a na uku, manhajar ta ba ɗaya na uku ta ba ɗaya na huɗu, ya ce a'a wannan zalunci ne, a makaranta dukkansu na uku ake ba su sannan a tsallake zuwa na biyar. Ni ma ban san yadda ake gyara wannan ba a take. Mun yi da shi ranar Asabar zan dawo, shi zai gwada nasa kafin nan ni ma zan gwada nawa.